Habbanayen da na bayar a ƙasar sanyi

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa a Faransa, wata tsohuwa ce ta buɗe ta da sarƙa a maƙale. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce ba ta san wani Lawali Isufu daga Nijar ba. Na nuna mata hoton ɗakin da na kama a wayata. Ta ce lalle ɗakin nata ne, har labulen, amma jikarta ke kwana ciki kuma ba ta taɓa ba da shi haya ba. Wanda ya turo mini hoton ɗan ƙasarmu ne, da Hausa muka yi ciniki, yana ta ce mini ƙanena, na aika masa kuɗin kamu tun ina Yamai. Na kira lambarsa na ji ta a kashe, kuma har yau a kashe take. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni nawa makantar ɗan'uwana ne ya yi mata jagora, ya kai ni bakin rami ya sake ni.

Bari in faɗi abin da ya kai ni can, don kada a zaci yawon duniya na tafi.

Ni ɗan Dakoro ne, amma shanun babana a arewa suke, wajen Azagor. Foraj guda ne, wato rijiyar burtsatse, ke shayar da wannan yankin, famfonsa da hasken rana yake aiki. Tsakanin fanunan rana, wato allunan da ke kama hasken, da injin akwai wani akwati, shi ke gaya wa injin ya tashi, ya rage gudu, ko ya tsaya. Shekarar da na shiga jami'a a Maradi akwatin nan ya ƙone a tsakiyar bazara. Ba wanda ya iya gyara shi, don masu shi sun rufe shi sun ɓoye yadda aka yi shi. Mai gyara sai daga ƙasar waje, shi kuwa bai iso ba sai da damina ta sauka. Kafin nan garken Baba ya ƙare, igiyoyi kawai suka rage a turke.

Aminin Baba, wani Bafillace da muke kira Baffa Buba, shi ya turo masa karsana ja mai farin goshi, sunanta Wule. Habbanaye ya ba shi. Ka riƙe saniyar amininka ta haifa maka sau biyu ko uku, 'ya'yan naka ne, uwar kuwa ka mayar wa mai ita da lafiyarta. Ba takarda, ba shaida, ba rantsuwa. Kunya ce kaɗai ke tsaron saniyar, kuma a wajenmu ta isa. Na sha ganin Baba ya hana kansa hura don Wule ta samu dusa.

Ni kuwa tun ƙonewar akwatin nan na ƙudura sai na san abin da ke cikinsa. A haka na gano wata ƙungiya ta injiniyoyi a intanet, mutane warwatse a ƙasashe, suna haɗa kai suna zana ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan baƙin abin nan da bai fi farcen babban yatsa ba wanda ke tuƙa injinan masana'antu. Zanen a buɗe yake, manhajar da ke tafiyar da shi ma a buɗe. Kowa na iya gani, ya kwafa, ya gyara, ya ƙara nasa. Na fara aika musu ɗan abin da na iya, har wata rana shugabar reshensu na garin Grenoble a Faransa, Madam Odil, ta gayyace ni in zo in yi aiki da su a kan famfunan ruwa.

Da na yi wa Baba bayani, sai na ce masa habbanaye ne irin na Nasara. Ya yi dariya har yana tari.

"Nasara sun san habbanaye? Wanga zance naka, Lawali! To su wa ka maida ma saniyar?"

"Kowa maida ma kowa yake, Baba."

"To tahi ka gani. In gaskiya ne ka zo mamu da akwatin da ba a kulle ba."

Ɗan maraƙin Wule na fari, wanda ya riga ya zama bijimi, shi Baba ya kai kasuwar Dakoro don tafiyata. Rabin abin da aka samu shi ne ɗan'uwan nan nawa ya cinye.

Daga ƙofar tsohuwar na wuce ɗakin aikin da jakata a kafaɗa, ina jin kunyar faɗin abin da ya same ni. Wani ɗan Biyetnam mai suna Tiyen, wanda aka ba mu teburi ɗaya, shi ya lura. Bai yi mini tambaya ba. Da aka tashi ya ɗauki jakar ya ce in biyo shi, na yi makonni ina kwana a kujerar falonsa. Ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa, hannayenta ba su kai mini wuyan hannu ba. Ya daina sa naman alade a tukunyarsa ba tare da na roƙe shi ba. Ban taɓa jin ya ambaci sunan Allah ba, amma ina sa shi a addu'a har gobe.

Sauran garin kuwa bai san da ni ba. Na saba in na fita daga gidanmu zuwa tasha sai gaisuwa ta cinye mini rabin safiya. A can na yi wata guda ina ce wa maƙwabcina ina kwana da Faransanci, yana dubana kamar na zo karɓar bashi. Duwatsu sun kewaye garin ta ko'ina, ni da na tashi inda ido ke tafiya har ya gaji. Rana ta fito kamar an roƙe ta, ta koma tun kafin la'asar. Na yi kewar gida ƙwarai, irin kewar da ke hana cin abinci. Wani lokaci in Baba ya samu rezo, wato layin waya, ya kira, sai in ce ya kai wayar kusa da turke, in ji kukan shanu kawai.

Amma aikin ya yi mini daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Ka rubuta abu da safe, kafin azahar wani a Indiya ya duba ya nuna maka kuskure, wata a Brezil ta gyara, ba wanda ya ce nawa ne. Ƙungiyar ta gama ƙwaƙwalwar, ta dasa ta a kan kart, wato allon da ke ɗauke da ita da sauran ƙananan kayan. Ni aka ba ni ɓangaren manhajar da ke tuƙa famfo. Na san abin da ba su sani ba, don kawai ni ne na tashi a bakin foraj. Rairayi kan kwanta cikin famfo in ya huta, in aka tayar da shi da ƙarfi gaba ɗaya sai ya shaƙe. Sai na sa injin ya fara yin ɗan motsi sau uku, gajeru, ya kaɗe rairayin, sannan ya tashi sosai. Ranar da muka gwada shi a tankin da muka zuba yashi, duk ɗakin suka fashe da dariya, suka ce famfon tari yake. Daga nan sunan ya bi shi, tarin Lawali.

Saura matsala guda. Akwatin in ya yi zafi ya kai wani mizani, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. A wajensu wannan hankali ne. Na ce musu mizanin nan a Azagor tun da hantsi ake kai shi a watan bazara, kuma lokacin ne dabba ta fi bukatar ruwa. Madam Odil ta ce in nemo mafita, amma sai an fitar da kashi na farko tukuna, don masu ba da kuɗin aikin sun matsa.

A lokacin ne Mushe Bernar ya shigo rayuwata. Wakilin wani kamfani ne daga cikin masu tallafa wa ƙungiyar. Mutum mai fara'a, shi ne Bature na farko da ya tambaye ni lafiyar iyayena. Ya kai ni cin abinci ya ce in ba shi labarin garinmu. Ku tuna na yi watanni ba wanda ya ce mini ya gida. Na buɗe baki kamar an fasa tulu. Na gaya masa zurfin rijiyoyinmu, da yadda rairayi ke kashe famfo, da forajin da suka lalace daga Korahane har Rumbu, da wanda ke sa hannu in za a sayi sabo. Har labarin Wule na ba shi. Ya dafa kafaɗata ya ce labarin ya taɓa masa zuciya.

Da za a fitar da kashi na farko, Madam Odil ta tara mu ta ce kowa ya zaɓi sharaɗin da zai saki ɓangarensa a kai. Iri biyu ne. Na farko ya ce duk wanda ya ɗauki aikinka ya sa a kayansa, dole ya bar shi a buɗe yadda ya same shi. Na biyu ya ce ɗauki ka yi yadda ka so. Kamfanoni sun fi son na biyun. Tiyen ya ja ni gefe wajen injin kofi.

"Lawali, ɗauki na farko. Naka ɓangaren shi ne wanda za su fi so."

Na ce masa ai in na rubuta dole, na zagi mutane. A garinmu in ka ba amininka saniya ka ce ya rantse zai dawo da ita, ka kira shi ɓarawo ke nan tun bai yi sata ba, kuma zumuncin ya mutu a nan.

"Mutanen nan aminanka ne?"

"Tare muke aiki. Mun ci abinci tare."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce shi ma kakarsa haka take magana. Na zaɓi na biyu. Har yau ban yarda na yi abin kunya ba. Abin da aka koya mini na yi, kuma da shi aka ceci gidanmu. Abin da ban lura da shi ba shi ne, Baffa Buba ya san turken da Wule za ta kwana, ni kuwa ban san inda tawa za ta ba.

Sanyi na biyu ya fi na farko muni. Kuɗin aikin namu ya ƙare, aka ce za a sabunta, aka yi ta cewa za a sabunta. Takardar zamana ta kusa mutuwa, na yi ta sintiri a prefektir, ofishin da ke ba baƙi takarda, kowane zuwa a ce saura wata takarda. Na samu wankin tukwane a wani gidan abinci don in iya biyan ɗaki, hannuwana suka tsattsage. A cikin wannan hali na gama maganin zafin. Na sa akwatin in ya yi zafi ya rage gudun injin ya ci gaba da ba da ruwa kaɗan-kaɗan, ba ya mutu gaba ɗaya ba. Muka gwada shi a tanda ni da Tiyen, ya yi aiki. Na saka gyaran inda kowa a duniya zai iya ɗauka. Na aika wa Mushe Bernar saƙo cewa kashi na farko yana da haɗari a ƙasa mai zafi, ga gyara. Bai amsa ba. Na kira ofishinsu aka ce yana tafiya. Mutumin da labarin Wule ya taɓa wa zuciya bai sake ɗaukar wayata ba.

Da aka ƙi sabunta takardata, Madam Odil ta yi kuka, ta rubuta wasiƙu, ba abin da ya canza. Tiyen ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya sa mini kart guda a aljihun rigar sanyin. Ya ce rigar ma in tafi da ita. Na ce a Dakoro me zan yi da ita? Ya ce in tuna da shi.

A watan bazara na iso gida. Inna ta ce Baba na can foraj da dabbobi, kuma an sa sabon akwati tun bayan kaka, meri ce, wato hukumar gari, ta sa hannu da wani kamfanin waje. Washegari da asuba na hau bayan wata mota mai zuwa Azagor.

Na tarar da bakin foraj cike, shanu da raƙuma da jakuna, kowa na jiran layinsa. Baba ya rame. Wule ma ta rame, ƙasusuwan ƙugunta sun fito, ga 'yar maraƙa ta uku tana binta. Baba ya ce da zarar an yaye wannan, ruwa ya sauka Wule ta yi ƙiba, zai kai ta gida wajen Baffa Buba. Muna cikin gaisawa rana ta hau kan fanuna, sai na ji injin ya motsa. Ya tsaya. Ya motsa. Ya tsaya. Ya motsa, sannan ya tashi, ruwa ya fara zuba a shato, babban tankin nan na sama.

Na ce, "Baba, ka ji tarin nan? Ni na yi shi. Aikina ne."

Kafin in rufe baki Baba ya juya ga jama'a yana ɗaga sanda. "Kun jiya? Ɗiyana ne ya yi wanga akwati! Lawali nawa, can ƙasar Nasara!" Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na zaci mutane za su yi murna. Sai na ga suna dubana ba fara'a. Malam Idi, shugaban kwamitin foraj, ya matso.

"Kai ka yi shi? To alhamdu lillahi. Jira rana ta take ka gani."

Ban bukaci jira ba, cikina ya riga ya ba ni. Hantsi na ɗagawa injin ya mutu. Malam Idi ya ce haka yake kullum tun da zafi ya shigo, ba ya tashi sai bayan la'asar, lokacin kuwa rana ta yi sanyi, ruwan da yake ja bai taka kara ya karya ba. Rabin dabbobi ke sha, rabi su kwana da ƙishi. Na gane kamfanin su Mushe Bernar ne, kashi na farko suka ɗauka, ba gyaran.

Na ce ba komai, maganin na cikin ordinatata, wato kwamfutata. Mutane suka kewaye ni. Na kwance murfin akwatin, sai na tarar an zuba baƙin danƙo a kan komai ya daskare kamar dutse. Ƙofa ɗaya suka bari ta waya. Na jona, akwatin ya amsa, ya gane yaren da nake yi masa tun da ni na koya masa. Na tura gyaran ya ƙi karɓa. Ba ya karɓar komai sai mai hatimin kamfanin. Na sake turawa ya sake ƙi. Na fito da kart ɗin Tiyen, amma ƙwaƙwalwa ce kawai, kayan da ke ba injin ƙarfin wuta suna cikin danƙon nan tare da sauran. Na ce a ba ni guduma da kurfi. Malam Idi ya riƙe mini hannu.

"A'a, ɗan Isuhu. Takardar da munka sa ma hannu ta ce in an hwasa shi sun hita batunmu. In ka hwasa ya mutu duka, mi za mu ba bisashe? Rabi ya hi babu."

Gaskiya ya faɗa. Na hau tudu inda ake samun rezo na kira kamfanin. Wata murya mai ladabi ta ce an karɓi kokena, mai gyara zai zo a zagayensa na gaba. Na ce ni ne na rubuta abin da ke cikin akwatin. Ta ce ta gode da sha'awar da nake nuna wa kayansu. Na rubuta wa ƙungiya, kafin magariba mutane daga ƙasashe da yawa sun amsa, ransu ya ɓaci, suka fara shirin haɗa mini cikakken akwati a buɗe. Tiyen ya ce zai kai wata uku kafin ya iso. Madam Odil ta ce ta duba, kamfanin bai karya doka ko ɗaya ba.

Abin da ya rage mini shi ne buhu. Na sa aka yi wa akwatin rumfa, na riƙa jiƙa buhunan gero ina lulluɓe shi, ina yi masa fifita da faifai. Haka na yi ta yi kullum daga hantsi zuwa la'asar, ni da na ƙetare teku don in koyi tuƙa injin. Wani lokaci ya ƙara ɗan gudu kafin ya mutu, wani lokaci ko gezau. Mutane ba su zage ni ba, da ma sun zaga. Sai dai in na wuce a yi shiru, Baba kuwa ya daina ɗaga kai in ana maganar akwati.

Layinmu ya koma sai bayan kwana biyu. Baba ya riƙa ba Wule rabon sauran shanunsa, har da ruwan shansa na cikin salka. Da abin ya ƙi, ya yanke shawarar kora su zuwa wata rijiya ta gabas, tafiyar yini. Na bi shi. Ba mu kai rabin hanya ba Wule ta durƙusa. Muka ɗaga ta da sanduna, ta yi taku kaɗan ta sake faɗuwa. Baba ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa yana kiran sunanta, yana jiƙa mata baki da sauran ruwan. Da ya ga idonta ya juya, ya miƙo mini hannu na ba shi wuƙa. Ban taɓa ganin babana ya yi kuka ba sai ranar, ko lokacin da garkensa duka ya ƙare bai yi ba.

A al'ada in saniyar habbanaye ta mutu ba da sakaci ba, ba a bin kowa komai. Baba ya san haka. Duk da haka ya kwance igiyar wuyanta, ya ɗaura wa 'yar maraƙar, ya ce in taho mu je.

Mun sami Baffa Buba a gindin wata adua, ya tsufa ƙwarai. Ya ga igiyar, ya ga maraƙar, bai tambayi komai ba. Aka kawo mana nono. Baba ya tura maraƙar gaban amininsa. Baffa ya mayar da ita da sandarsa.

"Isuhu, wagga taka ce. Wule kwananta ya ƙare. Kada ka ƙara yi mani wanga."

Sannan Baffa ya juyo gare ni, da fara'arsa, don ya sauya zance ya sauƙaƙa wa amininsa.

"Lawali, sannu da hanya. Babanka ya ce mani kai ma ka ba da habbanaye can inda ka tahi. Sun maido maka?"

Na dubi Baba, kansa na ƙasa.

"Sun maido, Baffa," na ce. "Tana can bakin foraj. Ita ta kashe Wule."

Muka sha nonon, muka yi sallama, muka kamo hanya da maraƙar, don in riski akwatin da jiƙaƙƙen buhu kafin hantsin gobe.